Yadda Ake Ba Tunkiya Mai Ciki da Ɗanta Magani Gwargwadon Ƙarfin Hantarsu

Masu kiwo da dama, maza da mata, sun yi ta maimaita tambaya guda: me ya sa allurar da ta tayar da babban rago ita ce ke kwantar da ɗan tunkiya, alhali an rage yawanta? Wasu kuma na tambayar abin da ke sa tunkiya ta yi ɓari ko ta haifi ɗa mai nakasa bayan an ɗura mata maganin tsutsa. Duka biyun hanta ce silarsu. Ita ce ke karɓar mafi yawan magunguna ta sauya su, ta mayar da su abin da jiki zai iya fitarwa ta fitsari ko ta matsarmama. Sinadaran da ke wannan aiki, musamman rukunin da likitoci ke kira P450 da kuma masu liƙa wa magani wani nau'in sukari don ya narke ya fita, kaɗan ne ƙwarai a jikin ɗan tayi da sabon haihuwa. Suna ƙaruwa da sauri a makonni uku zuwa huɗu na farko, sannan su ci gaba a hankali har wajen wata biyu zuwa uku. Saboda haka matakan nan na ƙasa sun bi shekarun dabbar ne, daga ranar barbara har zuwa girma.

1. Tanadi kayan aiki kafin ciwo ya zo

Kana buƙatar sirinji iri biyu: ƙarami mai ɗaukar mil 1 wanda aka tsaga shi kashi goma, da matsakaici mai mil 5 ko 10. Ƙaramin shi ne wanda akasarin masu kiwo ba su da shi, kuma rashinsa ne ke kashe 'ya'yan tumaki, domin ba yadda za a yi ka auna mil 0.1 da sirinji mai mil 10. Sai allurai: lamba 18 ga manya, lamba 20 ko 21 ga ƙanana. Ka haɗa da sikelin rataye irin na masu awon kaya, tef ɗin tela, ma'aunin zafin jiki, ruwan aidin, da ƙaramin littafi.

Duk waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin ɗan tunkiya ɗaya ba. Maganin ma, in ka yi lissafi, ba shi ne mai tsada ba. Kwalbar ivermectin, maganin tsutsa na allura, mai mil 50 tana isar dabbobin da nauyinsu ya kai kilo 2,500 a haɗe, wato tumaki sama da 80 masu kilo 30. Mai tumaki biyar ba shi da dalilin sayen kwalba guda ya ajiye ta a kan katanga rana na dukanta har ta lalace. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta, ko ka biya malamin dabbobi kuɗin abin da ya zuƙa kawai.

Gargaɗi: duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalbar. Maganin da aka juye a wata kwalba marar takarda, irin wanda ake sayarwa a gefen kara ranar kasuwa, kada ka kusance shi, tunda ba ka san ƙarfinsa ba.

2. Rubuta ranar barbara

Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 147 zuwa 150 a mafi yawan lokaci. In ka ga rago ya bi ta, rubuta ranar. In kuwa ragon yana kwana cikin garke kullum, ko tumakin na fita yawo su dawo da yamma, to ka ɗauki kowace tunkiya da ta isa haihuwa a matsayin mai ciki har sai ka tabbatar ba ta da shi. A wata na farko ba a gane ciki da ido, kuma a watan ne haɗarin ya fi girma.

3. Auna nauyi, kada ka ƙiyasta

Ɗan tunkiya sai ka sa shi a buhu ka rataya a sikeli, ka cire nauyin buhun. Sabon haihuwa yakan zo tsakanin kilo 2 da 4. Na 'Yankasa sun fi ƙanƙanta, na Uda da Balami sun fi nauyi, tagwaye kuma kowannensu ya fi tilo sauƙi.

Babbar dabba in ba sikeli, ɗauko tef. Zagaya ƙirjinta daidai bayan ƙafafun gaba, ka rubuta santimita. Sannan auna tsawonta daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Misali, ƙirji 70 da tsawo 65: 70 sau 70 ya ba da 4,900, sau 65 ya ba da 318,500, a raba da 10,840 a samu kilo 29 da ɗoriya. Wannan lissafi kusanta kawai yake yi, amma ya fi kallon ido nesa ba kusa ba.

4. Yi lissafin magani a takarda

Waɗannan su ne waɗanda aka fi samu a shagunan magungunan dabbobi:

Ivermectin na allura mai ƙarfin kashi 1 cikin 100: mil 1 ga kilo 50, a ƙarƙashin fata. Tunkiya mai kilo 30 mil 0.6 ne rabonta. Ɗa mai kilo 10 mil 0.2.

Oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, wanda ake kira LA: mil 1 ga kilo 10, a cikin tsoka. Kada a zuba fiye da mil 5 a wuri ɗaya.

Albendazole: miligiram 5 ga kowane kilo don tsutsar ciki, 7.5 in ana neman tsutsar hanta. Akwai mai ƙarfin 2.5 da mai ƙarfin 10 cikin 100, kuma galan ɗinsu kan yi kama. Wanda ya saba da na farko ya sayi na biyu bai duba ba, ya ninka magani sau huɗu ke nan.

Levamisole, shi ma maganin tsutsa: miligiram 7.5 ga kowane kilo. Tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, don haka shi ne ya fi buƙatar awo na gaskiya.

Gargaɗi: ƙwayar maganin tsutsa babba ta shanu ba a karya ta da hannu a ba ɗan tunkiya ɓari guda. Ba ka san nawa ya shiga cikin ɓarin ba.

5. Tunkiya mai ciki

A nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa. Duk abin da ya shiga jinin uwa, wani kaso nasa na ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta iya sarrafa shi yadda ya kamata ba. Dogaronsa a kan hantar uwarsa yake.

Wata na farko: kada a ba ta albendazole. Hantar uwa kan juya shi zuwa wani sinadari wanda shi ne ke kashe tsutsar, kuma shi ɗin ne ke ratsawa ya taɓa ɗan tayi a daidai lokacin da ake halittar ƙashinsa da gaɓɓansa. Abin da kan biyo baya shi ne ciki ya zube tun ba a san da shi ba, ko a haifi ɗa mai karkatattun ƙafafu ko lauyayyen ƙashin baya. Masu yin maganin da kansu sun rubuta a jikin takarda cewa a guje shi a kwana 30 na farko. Ni a ganina, tunda ba kowa ke da tabbacin ranar barbara ba, gara a ƙara makonni biyu a kan haka. In tsutsa ta matsa mata a wannan lokaci, fenbendazole ko ivermectin a kan daidai awo sun fi aminci. Mafi kyau ma shi ne a ba ta maganin tsutsa makonni biyu ko uku kafin a sake mata rago.

Wata na biyu zuwa na uku: wannan ne lokacin da ya fi sauƙi. In akwai abin da ya zama dole, kamar maganin tsutsar hanta ga tumakin da ke kiwo a fadama, a yi shi yanzu.

Makonni shida na ƙarshe: kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a wannan lokaci yake faruwa, kuma hantar uwa na aiki iya ƙarfinta don samar masa da sukari. Tunkiya mai tagwaye in abinci ya gaza mata, jikinta kan narka kitsensa ya tura wa hanta, hantar ta cika da kitse. Sai ka ga ta ware daga garke, ta daina ci, tana tafiya kamar ba ta gani. Hanta a wannan hali ba ta iya ɗaukar magani mai nauyi. Abin da take buƙata abinci ne mai ƙarfi, harawa mai kyau da dusa da ɗan hatsi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma in ta riga ta kwanta a kira likita ya ba ta sukari ta hanyar da ta dace.

Gargaɗi: dexamethasone, maganin rage kumburi, na tayar da naƙuda a ƙarshen ciki. Masu kiwo da yawa sun saba haɗa shi da LA da bitamin duk lokacin da dabba ta yi sanyi, kuma akwai kwalaben penisilin da aka riga aka gauraya shi a ciki tun daga kamfani. Karanta abin da ke cikin kwalbar kafin ka tsira wa mai ciki. Shi ma oxytetracycline yakan zauna a ƙashi da haƙoran ɗan tayi, saboda haka ba abin da za a riƙa yi mata ne haka kawai don rigakafi ba.

6. Daga ranar haihuwa zuwa mako guda

Da ya faɗo, uwar ta lashe shi, sai ka tsoma cibiyarsa cikin aidin har gindinta. Daga nan babban aikinka shi ne dakashi, wato nonon farko da uwa ke fitarwa bayan haihuwa. Ya sha wajen mil 50 ga kowane kilo na nauyinsa a shan farko, cikin sa'o'i biyu na haihuwa in zai yiwu, kuma ya tara kusan mil 200 ga kowane kilo kafin kwana ya zagayo. Hanjinsa na iya ɗaukar garkuwar da ke cikin dakashi ne a sa'o'in farko kawai. Bayan sa'a shida ƙarfin ɗaukar ya fara raguwa, bayan sa'a 24 ya kusa rufewa gaba ɗaya. Ɗan da ya ƙoshi da dakashi da wuya ya nemi allura a makonnin farko.

A wannan mako, ba maganin tsutsa, ba wankan maganin kaska, ba ivermectin. Bai fara cin ciyawa ba, saboda haka tsutsar da ake ɗauka a makiyaya ba ta same shi ba tukuna. Bayan rashin ƙarfin hanta, shingen da ke kare ƙwaƙwalwa daga magunguna ma bai gama ƙwari ba, shi ya sa ivermectin in ya yi yawa kan sa ƙaramar dabba ta yi tangaɗi, ta makance na ɗan lokaci ko ta suma.

In ya ƙi shan nono, fara da ma'aunin zafi. Lafiyayyen ɗa yana tsakanin digiri 39 da 40. Ƙasa da 37 sanyi ya kama shi sosai, abin da ke yawan faruwa da asubahin hunturu. Goge shi ya bushe, ɗumama shi, sannan a ba shi nono in yana iya haɗiya. Jiki mai sanyi ba ya sarrafa magani, allurar da aka yi masa a haka zama take yi a jini.

In cibiya ta kumbura ko gwiwa ta yi zafi, wannan na buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma likita ne zai zaɓa. Sau da yawa yakan zaɓi dangin penisilin, domin ta ƙoda suke fita, ƙodar ɗan tunkiya kuwa ta fi hantarsa saurin kama aiki.

Gargaɗi: chloramphenicol na mutane, wanda wasu ke fasa ƙwansonsa su kaɗa a ruwa, yana cikin magungunan da sai hanta ta liƙa musu sukarin nan kafin su fita, abin da sabon haihuwa bai iya ba. Bayan haka ma an hana ba da shi ga dabbar da za a ci namanta. Sai kuma tilmicosin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta na allura: ba a yi wa ɗan da bai kai kilo 15 ba, kuma in ya soki mutum bisa kuskure yana iya kashe shi.

7. Mako na biyu zuwa na takwas

Yanzu hanta ta fara kama aiki, tumbi kuma na girma yayin da yake tsinkar ganye yana lasar dusa. Sai wajen mako shida zuwa takwas tumbin ke zama na dabba mai tuƙa sosai.

Matsalar wannan zango zawo ce. Abin da ke kashe ɗa mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, don haka fara da ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da barinsa yana shan nono. Yi amfani da ƙullin da ake sayarwa a kemis maimakon haɗin gida, domin hanjin ɗan tunkiya ba ya narka sukarin shayi yadda ya kamata, yana iya ƙara masa zawon. Daga mako uku zuwa takwas, zawo mai duhu ko mai jini tare da yunƙuri yawanci koksidiya ce, wata ƙwayar cutar hanji, ba tsutsa ba, kuma maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Toltrazuril, diclazuril, amprolium ko dangin sulfa ne ke mata aiki. In sulfa aka ba shi, ruwan sha kada ya yanke, don yana iya daskarewa a ƙoda. Amprolium kuma kada a zarce kwanakin da aka rubuta, domin yana tare bitamin B1 har dabba ta riƙa ɗaga kai sama tana faɗuwa. Sai a share turken, a ɗaga kwanon abinci da na ruwa daga ƙasa inda kashi ke faɗawa.

Maganin tsutsa na farko sai ya fara kiwo sosai, daga mako shida zuwa sama, musamman da damina. Ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba: ja ko ruwan hoda mai kyau, bar shi, fari-fari, jininsa na ƙarewa, a ba shi.

Yadda ake ɗurawa: riƙe kansa a miƙe, kada a ɗaga hancinsa sama. Sa bakin sirinji marar allura ta gefen baki, a kan bayan harshe, a tura a hankali yana haɗiya. In ya yi tari, dakata. Allurar ƙarƙashin fata a yi ta a wuya ko bayan kafaɗa, a ɗaga fatar a soka a kwance. Ta tsoka a yi ta a gefen wuya. A guji cinyar ɗan tunkiya, naman wurin kaɗan ne kuma babbar jijiya ta bi ta nan, in aka taɓa ta zai ja ƙafa har ya girma.

Gargaɗi: kada a haɗa levamisole da wankan maganin kaska irin su diazinon a mako ɗaya. Dukansu jijiyoyi suke taɓawa ta hanya mai kama da juna, guba ɗaya na ƙara wa ɗaya ƙarfi.

8. Yaye zuwa wata huɗu

Hantarsa ta kusa ta babba, ana iya ba shi yawancin magunguna a kan awon kilo. Awon dai ba ya faɗuwa, tunda a wannan lokaci nauyinsa na sauyawa kowane mako. Daga wata uku zuwa huɗu, lokacin da garkuwar dakashi ta ja baya, a yi masa rigakafin PPR, cutar nan mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo tana share garke. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin wannan rigakafi, kuma allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku. Ana ajiye ta cikin sanyi, in an kaɗa ta kuma a yi amfani da ita nan take, shi ya sa ya fi dacewa a jira ma'aikatan dabbobi su yi wa unguwa gaba ɗaya. Kada a haɗa yaye, rigakafi, maganin tsutsa da dandaƙa a rana ɗaya. A raba su da mako guda ko biyu.

9. Babbar dabba: kiyaye hantar da ta riga ta ƙosa

Girma ba ya nufin hanta lafiya take. Abubuwa uku ke raunana ta a wajenmu, kuma dabbar da hantarta ta yi rauni tana komawa matsayin jariri a gaban magani.

Na farko tsutsar hanta, wadda ake ɗauka a fadama da bakin dam inda ƙananan dodon koɗi ke zama. Alamarta rama, farin ido da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Closantel, rafoxanide da nitroxynil na kashe ta, amma closantel da rafoxanide in aka zarce awo suna makantar da dabba, makantar da ba ta warkewa. Kuma suna daɗewa a jini, don haka ba a maimaita su bayan 'yan kwanaki don an ga dabbar ba ta murmure ba.

Na biyu sinadarin jan ƙarfe. Tumaki sun fi shanu da awaki da kaji saurin tara shi a hanta. Masu turka ragon layya da ke ba shi abincin kaji, ko gishirin lasa da aka yi don shanu, suna tara masa shi a hankali ba alama. Ranar da ya sha wahalar mota ko zafin kasuwa sai ya fashe cikin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja-baƙi, rago ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sayi gishirin lasa da aka rubuta na tumaki ne.

Na uku abinci mai fumfuna. Ƙuliƙuli, tunkuza, masara ko dusa da suka sha danshi suka yi kore na ɗauke da gubar afulatoksin, wadda take fara cin hanta. Shanya su a rana ba ya kashe gubar. A zubar.

10. In magani ya yi yawa

Dalalar miyau, makyarkyata, tangaɗi, numfashi sama-sama ko faɗuwa jim kaɗan bayan magani, duk alamun guba ne. Tsayar da maganin, kai dabbar inuwa, kwantar da ita a kan ƙirji ba a kan gefe ba don kada cikinta ya kumbura. In na wanka ne, wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, kai ma ka rufe hannunka. Kada ka ɗura manja ko madara a bakin dabbar da ke fizge-fizge, huhu zai tafi. Ɗauki kwalbar ka tafi da ita wurin likita, domin sunan maganin ne zai nuna masa abin yi. Gubar diazinon da danginsa, misali, da allurar atropine ake karya ta.

11. Lokacin jira kafin yanka ko sayarwa

Kowace kwalba na ɗauke da kwanakin da za a jira bayan magani na ƙarshe kafin a ci naman ko a sha nonon. Na ivermectin na allura da closantel kan kai wata guda ko fiye. An ƙididdige waɗannan kwanaki ne a kan lafiyayyar babbar dabba da aka ba daidai awo, don haka ga ƙaramin ɗa, ko dabba mai ciwon hanta, ko wadda aka zarce wa awo, a ƙara kwanaki a kai. Ragowar magani a hanta da ƙoda da wurin da aka soka allura ya fi taruwa, hanta kuwa ita ake fara gasawa ranar Sallah a ba yara da tsofaffi.

Mai turka rago ya ƙirga baya daga ranar 10 ga Zulhajji, ya gama duk wani maganin tsutsa da allura aƙalla makonni shida kafin nan, ya rubuta ranar a littafi. In ciwo ya tilasta allura a makonnin ƙarshe, a gaya wa likita ranar da za a yanka don ya zaɓi mai gajeren jira, kuma a sanar da mai saye ranar da aka yi ta da sunan maganin.